Ku Tambayi Antin Lambu: Raɓa ta daskare ta kashe min kuɓewa, ina tsoron kar ta koma kan kajina

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan makon duk daga 'yan uwanmu mazauna ƙasashen sanyi suka fito, kuma ban yi mamaki ba, don watan Oktoba na kamawa dama haka wayata take cika. Na zaɓi guda uku, ta farkon ce zata ci mana fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ina wuni ya gida ya yara. Ni ƙanwarki ce daga Kolombos ta jihar Ohayo a Amurka, asalina 'yar Katsina ce, shekara ɗaya da 'yan watanni kenan da na biyo maigidana nan. Da sanyi ya wuce na gyara ɗan filin da ke bayan kicin ɗinmu na shuka kuɓewa da tumatir da attaruhu da alayyahu da yakuwa har da karas da kabeji, maƙwabciyata kuma ta bani kaji huɗu duk mata. To shekaranjiya bayan sallar asuba na leƙa naga ciyawa tayi fari fat kamar an barbaɗa gishiri, ban kawo komai a raina ba, rana na ɗagawa sai naga ganyen kuɓewa yayi baƙi ya langaɓe kamar an sheƙa masa tafasasshen ruwa, alayyahu ma haka, wallahi Anti sai da nayi hawaye. Tumatir na jikin bango kam da sauran ransu, karas da kabeji kuwa ko gezau. Yanzu hankalina yana kan kajin, don abin da ya ci Doma ba zai bar Awe ba, kuma a gida duk hunturu kajin Hajiyarmu ƙarewa suke. Na toshe duk wata kafa ta akurkin da leda da tsumma, maigida kuma yace zai siyo jan ƙwan fitilar nan mai zafi ya rataya musu. Dan Allah me ya kamata inyi?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da rashi, kuma kar kiji kunyar hawayen nan, wanda ya yi wata biyar yana ban ruwa shi ya san zafin abin. Nima shekarata ta farko a ƙasar nan haka na tsaya kan kuɓewata da roba a hannu nazo tsinka, na tarar babu abin tsinka.

Kafin komai dai ki ajiye mujallar nan kije ki cire ledar da tsumman daga saman akurkin, maigida kuma ki bashi haƙuri ya bar maganar fitilar. Zan zo kan dalili, amma wannan ba abin jira bane.

Abin da kika gani a ciyawa shi mutanen nan suke kira furos, mu sai muce daskararriyar raɓa. Ruwa yana daskarewa a digiri 0 na ma'aunin Selshiyos, wato 32 a na Faranhait da ake amfani da shi a Amurka, amma inda yake yaudarar mutane shine ba sai wayarki ta nuna 32 ba. Ma'aunin masu hasashen yanayi yana sama da ƙasa ne, kusan tsayin mutum, ita kuwa iska mai sanyi nauyi gareta, ƙasa take kwanciya kamar ruwa ta taru a kwari, shi yasa waya zata ce 36 ko 37 amma ganye ya daskare. Daren da za kiji tsoro shine wanda sama tayi garau taurari suka fito rangaɗau kuma iska ta tsaya cik, don zafin da ƙasa ta tara da rana yana tashi ya tafi babu gajimaren da zai tare shi. In akwai hadari ko iska na kaɗawa da wuya ta sauka. A yankinku wajen tsakiyar Oktoba ake sa ran ta farko, wata shekarar ta riga wata shekarar ta makara, kuma hukumar yanayi tana fitar da gargaɗi tun da rana, ki kunna shi a wayarki.

Ganye kuwa ruwa ne cike a cikinsa, in ya daskare ƙanƙarar tana farfasa 'yan ƙwayoyin da ke ciki, rana na fitowa ta narke sai ya zube, shi yasa kikaga kamar an dafa shi. Kuɓewa da alayyahu da yakuwa da lalo da gauta da kabewa da dankalin Hausa duk 'yan ƙasar zafi ne irinmu, basu da wata dabarar kare kansu. Karas da kabeji da albasa su 'yan gida ne a sanyi, in sanyi ya taɓa su sukari suke tarawa a jikinsu don kar su daskare, shi yasa karas ɗin da aka cire bayan raɓar nan ya fi zaƙi nesa ba kusa ba. Ki barsu a ƙasa abinki, ki zuba musu busasshen ganyen bishiya a kai, kina cira kaɗan kaɗan har ƙasa ta fara tauri. Tumatirinki na jikin bango kuma bangon ne ya cece su, ya sha rana ya wuni da dare yana sakin ɗumi.

Kuɓewa ta tafi, ki tuge ta. Amma tumatir da attaruhu in kina so ki ja su, sau tari bayan raɓar farko akan samu sati biyu ko uku na yanayi mai daɗi. Duk ranar da aka yi gargaɗi ki basu ruwa da rana don jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi busasshiya riƙe zafi, kafin magariba ki lulluɓe su da tsohon zanin gado ko bargo mara nauyi, ya sauka har ƙasa ki danne bakin da duwatsu, don ɗumin ƙasar kike son kamawa, in kika ɗaure shi a wuyan shukar kamar ɗankwali baki yi komai ba. Leda kar ta taɓa ganye, duk inda ta taɓa sai ya ƙone. Da safe rana na fitowa ki yaye. Amma in kikaga ance 28 na Faranhait ko ƙasa da haka to ki haƙura, zani ba zai yi ba, ki fito da bokiti da yara ku tsinke komai tun da sauran haske.

Ɗanyen tumatir ba asara bane. Waɗanda suka gama girma suka fara haske ki jera su a kwali kar ki tula su, ki saka ayaba ko tuffa ɗaya a ciki ki rufe ki ajiye a cikin ɗaki, akwai wata iska da 'ya'yan itacen suke fitarwa mai sa nuna, kina dubawa kina cire wanda ya fara ruɓa. Banda firij, sanyinsa yana tsayar da nunar ya kashe ɗanɗanon. Ni a haka nake cin tumatirina har cikin Disamba. Wanda ya yi miki yawa ki yanka kiyi kauɗa a oba da wuta kaɗan tunda ranar shanya ta ƙare, attaruhu kuma ki wanke ki tsane ki jefa firiza yadda yake. Wani abu da mutane da yawa basu sani ba, attaruhu ba ɗan shekara ɗaya bane, sanyi ne ke kashe shi. Ki zaɓi gindi ɗaya mai lafiya ki haƙo shi da ƙasarsa ki sa a tukunya, ki rage rassan sosai ki ajiye a bakin taga kina ba shi ruwa kaɗan, baɗi zai riga kowa 'ya'ya.

Yakuwarki kuma na san baki samu zoɓo ba ko? Ba laifinki bane. Ita bata fure sai rana ta gajarta, a nan kuwa kafin ranar ta gajarta ta yi fure ta ƙulla, sanyi ya iso. Ki ɗauke ta a matsayin ganyen miya da fate kawai, baɗi ki tsinke ganyen da wuri ki daskarar. Sai tiyon ban ruwa, ki kwance shi daga famfon waje ki tsiyaye ruwan, don ruwa in ya zama ƙanƙara kumbura yake, yana fasa bututu har cikin bango. In kina da sauran ƙarfi kuma yanzu ne lokacin shuka tafarnuwa, ki ɓare ki binne kowane ɗa tsininsa na kallon sama, zurfin kamar inci 2, ki rufe da ganye, zata kwana a ƙarƙashin dusar ƙanƙara ki haƙe ta a watan Yuli.

To mu dawo kan kaji. Na fahimci tsoronki sarai don nima da shi nazo, duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san hunturu na shigowa sai kaji su fara gyangyaɗi suna koren zawo wuya na murɗewa, kafin sati akurki ya zama wayam, sai muce sanyi ne. Amma yawanci ba sanyin ne yake kashe su ba, cuta ce mai suna Nukasil da ta fi yaɗuwa a lokacin hunturu, kuma tana da rigakafi, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin sa, har da irin wanda yake jure zafi don kajin ƙauye. In kin yi waya da Hajiya ki faɗa mata ta nemi malamin dabbobi kafin iskar ta juyo, ki gaishe min ita.

Ita kaza zafin jikinta ya kai digiri 41 na Selshiyos, ya fi namu. Yau da daddare kije ki zura hannunki ƙarƙashin fiffiken ɗaya daga cikinsu kiji, kamar kin sa hannu a bakin murhu. In sanyi yayi tana buɗa gashinta ya tara iska ya zama bargo, ta zauna kan ƙafafunta ta cusa kai a fiffike, su matsu da juna. Babbar kaza mai lafiya zafin bazara ya fi wahalar da ita akan wannan sanyin, balle irin manyan kajin da ake kiwo a nan masu gashi luf luf.

Abin da yake cutar da su danshi ne. Numfashinsu tururi ne, kashinsu kuma yawancinsa ruwa ne, kuma da dare ma suna yinsa sosai. In kika toshe ko'ina tururin baya da hanyar fita, sai ya sauko ya kwanta a kan zankonsu da yatsunsu ya daskare a nan. Ni na yi wannan kuskuren da hannuna, na nannaɗe akurki da leda saboda tausayi, wata safiya cikin Janairu na buɗe ƙofa naji warin kashi ya bugi idona har ya yi yaji, rufin yana ɗigar ruwa, farar kazata mai dogon zanko kuwa bakin zankon ya yi fari daga baya ya koma baƙi ƙirin ya bushe ya faɗi. Ta rayu amma ta sha wuya ta daina ƙwai, har yau in na tuna raina baya min daɗi. Wannan warin kuma yana lalata musu hanyar numfashi ya buɗe ƙofa ga mura.

Saboda haka kafofin sama, waɗanda suka fi kansu tsayi in suna kan sandar kwana, ki barsu a buɗe duk sanyi, ki dai sa musu ragar ƙarfe mai ƙananan ido. Waɗanda za ki toshe sune na daidai jikinsu inda iska zata dinga hura su kai tsaye tana buɗe musu gashi. Ƙasa ki zuba garin katako mai kauri ki dinga kwashe inda ya jiƙe. Sandar kwanan ta zama katako mai faɗi kamar tafin hannu, faɗin yana sama, don su shimfiɗa yatsu cikinsu ya rufe. Gwaji mai sauƙi, da safe ki shafa bango da rufi, in kinji laima to iska bata isa ba ki ƙara buɗewa. Wasu suna shafa basilin a zanko kamar yadda muke wa yara a ƙafa da hunturu, ni dai bana dogara da shi, bushewar ɗakin ita ce maganin. In kuma har zankon ya taɓu kar ki murza kar ki yanke, in ya kumbura ko yana ruwa ki kaita wurin likitan dabbobi.

Fitilar zafi kuwa ina roƙonki da girman Allah ku barta. Ƙura, gashi, busasshen katako, ga tsuntsu mai tashi ya bangaje abu, duk shekara sai anji akurki ya kama da wuta a ƙasar nan wani har ya ci gidan mutane, kuma gidajen nan kin san na katako ne. Sannan kazar da ta saba da ɗumin fitila jikinta baya sabawa da sanyi, ranar da guguwar dusar ƙanƙara ta ɗauke wuta a ranar zata galabaita. In da 'yan tsaki ne da basu gama gashi ba wannan maganarsu daban.

Kuɗin fitilar ku sa shi a ruwa. Nan gaba kaɗan za ki fito ki tarar ruwansu ya zama dutse, kaza kuwa in bata sha ba bata ci, in bata ci ba babu abin da zai ɗumama ta. Akwai mazubi mai lantarki da aka yi don haka musamman, in babu ki samu baƙar roba mai laushi guda biyu wadda in kin juya kin taka ƙanƙarar zata faɗo, kina musanyawa safe da la'asar da ruwa mai ɗumi. Ruwan ya zauna a waje ba cikin ɗakin kwana ba. Da yamma ki watsa musu ɗan tafin masara ko alkama su kwana da abu a maƙoshi, amma kar ya maye gurbin abincinsu na buhu. Ƙwai ki kwashe da wuri don yana daskarewa ya tsage. Kuma magariba na yi ki kulle da sakata mai wuyar buɗewa, akwai wata dabba rakun mai hannu kamar na yaro, tana zare ƙugiya, sanyi na matsowa yunwa na ƙara koro ta cikin unguwa. Filin lambun in kin gama kwashewa ki tuge ganyen tumatir ki zubar don ba abincinsu bane, sai ki sake su su yi tono su cinye ƙwari su bar miki taki, kafin shukar baɗi ya ruɓe ya bi ƙasa.

TAMBAYA: Hajiya barka da aiki. Ni magidanci ne a Mancesta ta Ingila, ina da kaji shida shekararsu ta biyu kenan. Tun ƙarshen Satumba ƙwai ya ragu daga biyar a rana yanzu sai ɗaya wata ran babu, gashi kuma ko'ina kamar an fige su, ɗaya ma har wuyanta ya fito tsirara. Cuta ce ko tsufa? Uwargida tace a yanka kawai a huta.

AMSA: Malam barka kadai, a gaida uwargida, amma a ɗan dakata da wuƙar. In suna ci suna sha idonsu garau, kuma ka duba gindin gashi da ƙarƙashin fiffike baka ga ƙwarƙwata ba, to sauya gashi suke. Kaza in ta kai kamar wata 18 duk kaka sai ta zubar da tsoho ta fitar da sabo kafin tsananin sanyi, daga wuya yake farawa ya gangara baya, yakan ɗauki wata biyu zuwa uku. Gashi kusan duk furotin ne, ƙwai ma haka, jikinta ba zai iya biyun a lokaci ɗaya ba sai ta ajiye ƙwan. Ka canza musu abinci zuwa mai furotin kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari, kuma a rage ɗaukarsu, sabon gashi mai tsiro yana da jini a ciki yana musu zafi.

Abu na biyu haske. Kaza tana son hasken awa 14 zuwa 16 kafin ta dinga ƙwai sosai. A Kano ko a Disamba rana tana kai awa 11 da wani abu shi yasa bamu san wannan matsalar ba, ku kuwa a Mancesta ƙarshen Disamba awa 7 da rabi ne. Masu son ƙwai dole suna sa ƙaramin ƙwan lantarki na haske kawai mara zafi, ya kunna kansa kafin asuba, ba da dare ba, don in ya mutu farat ɗaya cikin duhu basu ganin hanyar hawa sanda. Ni ra'ayina a barsu su huta, dabbar da ta ciyar da gidanka wata tara tana da haƙƙin wata biyu, wajen Fabrairu rana na ƙaruwa za kaga sun dawo da kansu.

Tunda a Ingila kake ga abu biyu na doka. Daga 1 ga Oktoba 2024 ko kaza ɗaya gareka sai ka yi mata rajista da hukuma, kyauta ne ta intanet, saboda murar tsuntsaye da tsuntsayen daji masu ƙaura suke yaɗawa a irin wannan lokacin, wani sa'in har a bada umarnin a kulle kaji a ƙarƙashin rufi. Ka rufe abincinsu da ruwansu yadda na daji ba za su sauka a kai ba, in kaga suna mutuwa farat ɗaya ka kira hukuma kar a yanka a ci. Sannan al'adarmu ta zuba musu sauran tuwo da ƙanzo, a can doka ta hana ba kaji abin da ya fito daga kicin, ko da na gida ne.

TAMBAYA: 'Yata, ni dattijo ne nazo wurin ɗiyata a Miniyafolis, na shuka zogale a babbar tukunya ya kai ƙirjina. Ance sanyin garin nan ba wasa. Zai rayu?

AMSA: Baba ina gaisuwa, Allah ya ƙara lafiya. A waje kam ba zai rayu ba, garin nan cikin Janairu yana sauka ƙasa da digiri 20 na Selshiyos a ƙarƙashin sifili, zogale kuwa raɓar farko ma ta ishe shi. Amma tunda a tukunya yake an gode Allah. Yau ɗin nan a zage ganyen duka a shanya a cikin ɗaki a inuwa ayi kwaɗo da shi, a datse itacen ya rage kamar kamu biyu, jikoki su taya a shigo da tukunyar inda sanyi baya sauka ƙasa da digiri 10 na Selshiyos, kusa da taga in da hali. Zai tsaya kamar busasshen sanda, kar a ɗauka ya mutu a jefar, ransa yana cikin saiwar mai kauri kamar rogo. Ruwa kofi ɗaya ko biyu sai ƙasar ta bushe ƙamas, don yawan ruwa a sanyi shi ke ruɓar da saiwar. In an kankare bawon da farce aka ga kore to yana nan. Sai ƙarshen Mayu a fara fitar da shi, kwanakin farko a inuwa tukuna.